Ƙusar Baba

Baba ba ya kallon doki in yana son sanin lafiyar ƙafarsa, baya yake juya masa. Zai sa a ja dokin a kan simintin da ke gaban maƙerarmu, shi kuma ya tsaya yana fuskantar bango, hannuwa a baya kamar mai jiran mota. Doki ya je ya dawo, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ka ji ya ce, "Ta baya, dama. Dunduniyar waje ta fi tsawo." A ɗaga ƙafar a auna, haka ɗin ne. Tun ban kai tsawon uwar maƙera ba nake ganin wannan abu, kuma har yau da na sa wa dawaki takalman ƙarfe sun fi dubu da hannuna, in ya yi sai tsikar jikina ta tashi.

In ka tambaye shi sirrin, sai ya ce babu wani sirri. "Ƙafa huɗu, baki huɗu. In suna lafiya magana ɗaya suke yi. In ɗaya ta koma raɗa, akwai abin da take ɓoyewa."

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Ni na gaji sana'ar, don ƙanena da kowa ya ɗauka shi zai gada, in ya riƙe guduma yatsansa yake fara bugu. Allah ya yi shi siriri, ba nauyi, ga naci, sai muka sa masa Sauro, sunan kuma ya bi shi har ya yi gemu. Amma a ɗora shi a kan sirdi, sai ka rantse a can aka haife shi. Shi ke hawan goɗiyarmu, Hankaka, baƙa wuluk mai farin ƙirji, a gasar doguwar tafiya.

Wanda bai san gasar ba yakan ɗauka sukuwa ce. Ba ita ba ce. Kilomita ɗari da ashirin ake ci a yini guda, an raba tafiyar zango huɗu. A ƙarshen kowane zango likitan dabbobi zai saurari zuciyar doki, ya sa a yi sassarfa da shi ya gani. Ɗingishi komai ƙanƙantarsa, an fitar da kai, ko da kai ne a gaba. Saboda haka mu masu takalmi muna da tamu gasar da ba a tafa mana. Takalmi mara nauyi ake sawa, ƙusa shida maimakon takwas. A bar sarari a dunduniya, don kofato buɗewa yake yi duk sa'ad da ya taka ƙasa, ya tsuke in ya ɗaga, sau dubu nawa a yini Allah kaɗai ya sani. Kuma ba a sa takalmi ana jibi gasa. Kwana goma kafin ranar ake sawa, ƙafa ta saba da shi.

Ƙusa kuwa ita ce abin tsoro. In ka ɗaga kofato ka kankare shi, za ka ga wani farin zare ya zagaye shi. Nan ƙusa take shiga, ta karkata waje, ta ɓullo ta bangon kofato, a lanƙwasa bakinta. Daga wannan zaren zuwa naman da ke da rai bai fi kaurin tsinken ashana ba. Mai ido yana duba inda ta ɓullo, in ta hau sama da yawa to ta kusanci nama. Baba da kunne yake sani, don ƙusar da ta kama hanya ƙararta takan canza a bugu na uku, ta koma tas.

Shekara uku ke nan hawan jinin ido yana cin ganin Baba. Ya sakar mini yankan kofato, ya sakar mini magagari da wuta, bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya riƙe. Duk dokin da zai fita doguwar tafiya daga maƙerarmu, ƙusar farko ta ƙafar gaba ta hagu shi yake buga ta. Shekara arba'in yana haka. Masu dawaki ma sun mai da abin kamar dole, wani ya ce ba inda za shi sai tsoho ya sa hannu.

Ranar da muka sa wa Hankaka takalmi, na gyara komai, na ɗora ƙafar a cinyata, na miƙa masa ƙusa. Ya lalubi ramin da babban yatsa, ya yi bisimilla, ya ɗaga guduma. Daidai nan maƙwabcinmu mai walda, Allah ya shirye shi, ya tayar da injin yankan ƙarfe. Ƙarar ta cika maƙera har haƙoran mutum suna amsawa. Baba ya riga ya saki hannu, bugu ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ƙusa ta ɓullo.

Na gan ta sarai. Ta hau sama da inda ya kamata da kamar rabin faɗin yatsa.

Baba ya karkato da kai wajena. "Uwata, ban ji ta ba. Ta fito daidai?"

Akwai mutum biyu zaune a benci suna jiran layi, ɗayansu maƙeri ne da ya koyi aiki a hannunsa. Na dubi fuskar Baba, idanun nan suna kallon gefen kunnena a zaton idona suke kallo. Na ce, "Daidai, Baba."

Na ce a raina zan zare ta in ya shiga gida. Amma bai shiga ba. Ya sa aka ja goɗiyar a kan siminti, ya juya baya ya saurara, ya ce, "Huɗu." Haka yake cewa in ƙafafun duka sun yi magana ɗaya. Kullum da safe har kwana goma ana jan ta, kullum yana cewa huɗu. Sai na ce ai shi ke nan, tunda kunnen Baba ya wanke ta, ni wace ce. Gaskiyar magana, wadda na sani tun a lokacin, ita ce in na zare ƙusar zai shafa kofaton ya gane, kuma ban san da wane baki zan gaya wa mahaifina hannunsa ya fara kuskure ba.

Ranar gasa aka kafa sansani a wani fili, tantuna da bokitai da jarkokin ruwa ko'ina. Duk zango daga nan yake tashi, nan yake ƙarewa, kuma kafin doki ya shigo sai ya taka wata 'yar gadar siminti da ke kan rafi. Nan Baba ya ce a ajiye masa kujerar roba. Ya zauna ya ba hanya baya, da kofin shayi a hannu.

Dawaki arba'in da uku suka tashi da fitowar rana. Da suka fara dawowa daga zangon farko, Baba ya shiga kiran su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya waiwaya ba. "Wannan jan dokin mai kantin magani ne. A gaya masa takalmin baya na hagu ya fara sakewa." Aka ruga aka duba, ga takalmi nan yana motsi. Kafin hantsi mutane sun kewaye kujerar, har da waɗanda ba su san shi ba, suna rufe ido suna gwada saurare, ba abin da suke ji sai ƙwas ƙwas. Likitar gasar, wata doguwar mace mai tabarau da ba a cika ganin haƙoranta ba, ta zo ta tsaya minti biyar. Ta ce mini, "Shekara shida na yi a jami'a, ga na'urori cike da mota, mahaifinki kuma kofin shayi kawai ya zo da shi."

Hankaka ta taka gada a zangon farko, Baba ya ce huɗu. A na biyu ma ya ce huɗu. Duk sa'ad da ya faɗa sai in ji an sauke mini dutse daga ƙirji, in ta sake fita kuma a mayar mini da shi.

Rana ta karkata sa'ad da ta ɓullo daga zango na uku, ita kaɗai, ba kowa a bayanta. Ba zan manta da ganin nan ba. Kilomita casa'in a ƙafa, gumi ya bushe ya zama farin gishiri a baƙin jikinta, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a wuyanta, amma kunnuwa a tsaye, tana jan linzami kamar yanzu aka kwance ta daga turke. Na tuna duk wannan nauyi da wannan gudu a kan kofato huɗu suke sauka, kowanne bai fi tafin hannuna ba. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙera wannan abu.

Ta taka gada. Ni ban ji komai ba. Baba ya ajiye kofin a ƙasa, bai ce huɗu ba.

Muka kwance sirdi, muka sheƙa mata ruwa, cikin minti uku bugun zuciyarta ya sauka. Likita ta sa aka yi sassarfa da ita, ta duba, ta sa hannu a kati. An ba mu hutun minti arba'in kafin zangon ƙarshe. Sauro ya zube a kan tabarma yana cusa ayaba, baki har kunne, don ya ba na bayansa tazarar minti goma sha ɗaya. Sai ga Baba da sandarsa, ba wanda ya yi masa jagora.

Ya ce, "A ɗaga mini hagun gaba."

Sauro ya ce, "Baba, Likita ta duba ta fa. Har ta sa hannu."

"Likita abin da ya fito take gani, kuma ta yi aikinta. Ni wanda bai fito ba nake ji. Yanzu raɗa take yi. Nan da kilomita goma za ta yi ihu, a kan duwatsu, inda babu ni babu yayarka."

"Haba Baba! Shekara huɗu ina bin bayan mutane ina ƙirga wutsiyar dawakinsu. Yau ɗaya da Allah ya sa ni a gaba?"

"Kai ke taka ƙasa ko ita?"

Sauro ya haɗiye ayabar da sauran maganar. Baba ya durƙusa, ya dafa kofaton dama da tafin hannu, ya dafa na hagu, ya daɗe a kan na hagu. Ya sa yatsa biyu a bayan wuyan ƙafar, inda jijiya take bugawa in kofato yana zafi. Sannan ya zaro gudumarsa daga aljihun riga. Na ɗora ƙafar a cinyata.

Ya fara ƙwanƙwasa ƙusoshin a hankali, ɗaya bayan ɗaya, daga dunduniya. Tik. Hankaka tana cin ciyawarta. Tik. Ko a jikinta. Ya zagaya duka biyar, ya bar guda ɗaya sai ƙarshe. Da ya taɓa ta, fatar kafaɗar goɗiyar ta yi rawa kamar ƙuda ya sauka, ta daina tauna.

Mutane sun riga sun taru, har da maƙera uku da suka koyi aiki a gidanmu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma duk da haka na gwada. Na ce da ƙarfi, "Ni na buga ta, Baba. Kuskurena ne."

Ya shafa bangon kofaton da babban yatsa har ya kai inda bakin ƙusar ya ɓullo, ya tsaya a nan. "Gaba ta hagu, ramin farko. Wa ke buga wannan a gidanmu?" Ya ɗaga kai ya ce, "Jama'a ku shaida, tawa ce. Ni na buga ta, ta hau sama." Sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Na tambaye ki, Uwata."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ɗauki awartaki na miƙe bakin ƙusar, na zaro ta. Ya miƙo hannu na sa masa. Ya murza ta a yatsu, ya kai ta hanci ya shinshina, ya daɗe.

"Ba jini, ba wari. Matse nama ta yi, ba ta huda ba. Allah ya rufa mana asiri."

Na ɗura aidin a ramin, na toshe da auduga. Sai dai ƙusa biyar ba za su riƙe takalmi a kan dutse har kilomita talatin ba, dole a buga wata a ramin da ke kusa. Na zaɓi ƙusa, kuma don sabo, na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya juya gudumar ya miƙo mini ƙotarta. Gudumar nan ta girme ni, ƙotar ta lotsa daidai inda yatsunsa suke zama, ban taɓa ganin ta a hannun wani ba.

Ya ce, "Don Allah a yi mana shiru."

Ban san yadda maganar ta zagaya ba, amma sansanin nan na mutum ɗari biyu ya yi tsit. Har mai injin jan ruwa ya kashe injinsa. Na saita ƙusa a kan farin zare. Ɗaya. Biyu. A na uku ta ce tas, ni ma na ji ta a karon farko a rayuwata, ba da ido ba. Baba ya gyaɗa kai.

Sai ya ce a kira Likita ta sake dubawa. Sauro ya yi tsalle. "Ba wanda ya ce dole fa! In ta ga wani abu yanzu fitar da mu za ta yi!"

"To ta fitar."

Likita ta zo ta sa aka yi sassarfa sau uku, ta matsa kofaton da abin matsawa, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, "Ɗazu ban ga komai ba, yanzu ma ban ga komai ba. Baba, kai me ka ji?" Aka ja goɗiyar har gada, likita da katinta tana biye kamar ɗaliba. Baba ya juya baya. Hankaka ta je ta dawo.

"Ta daina ɓoyo, amma tana tunawa," ya ce. Ya juya inda yake jin numfashin Sauro. "Ba sukuwa. In kun kai tudun duwatsu ka sauka ka yi gudu da ƙafarka a gefenta. In ka ji ta canza taku, ka jawo ta gida a hankali, ba wanda zai yi maka dariya."

Kafin a gama duk wannan, dawaki shida sun fita sun bar mu. Sauro ya hau bai kalli kowa ba.

Na ɗauko bokiti na kife kusa da kujerar Baba na zauna. Mun fi awa ɗaya muna jira. Da abin ya ishe ni na ce, "Baba, kunyarka na ji. Akwai mutane a benci."

"Kin ji kunyata," ya ce, "ita kuma ta taka kunyar taki kilomita casa'in. Doki ba shi da bakin da zai ce wayyo ƙafata. In mu ma muka rufe namu, wa ya rage masa?"

Na yi kuka a wurin, ba na jin nauyin faɗa. Bai rarrashe ni ba, amma ya miƙo mini sauran shayinsa da ya huce.

Na farko ya shigo aka yi ta tafi. Na biyu, na uku. Baba yana kiran su ƙasa-ƙasa, har takwas. Rana ta yi ja, inuwar tantuna ta kai bakin rafi. Duk dokin da ya ɓullo sai gabana ya faɗi. In Hankaka ta dawo da ɗingishi, ko ba ta dawo ba sam, na san wanda ya jawo, kuma ba mai walda ba ne.

Baba ne ya fara miƙewa, tun ban hango komai ba. Can sai ga su. Sauro a ƙasa yana gudu da ragama a hannu, takalminsa ɗaya ya buɗe baki, Hankaka a gefensa kunnuwa a tsaye, tana ɗan tura shi da hanci kamar tana cewa ya ƙara sauri. Suka taka gada, ƙafa shida. Baba ya karkata kai, ya ware na Sauro ya ajiye gefe, ya saurari sauran.

"Huɗu," ya ce. Ya sake faɗa. "Huɗu."

Ta tara ta zo, kuma ta wuce binciken ƙarshe lafiya lau. Sauro ne ya yi sati guda yana ɗingishi da bororo a tafin ƙafa, yana fushi da kowa. Baba ya ce a yi haƙuri, shi bai koyi sa wa irinsa takalmi ba.

Bayan wata guda mai kantin magani ya kawo jan dokinsa, zai fita wata doguwar tafiyar. Na yanke kofato, na goge, na gwada takalmi ya zauna. Da na zo gaba ta hagu na ɗauki ƙusa na tsaya. Baba ya tashi daga bencin da yake zaune da mutum biyu masu jiran layi, ya aiki Sauro ya roƙi mai walda ya dakata minti biyar. Sannan ya je ya fuskanci bango, hannuwa a baya.

"Buga, ina ji."

Gudumarsa ce a hannuna, yatsuna ba su cika gurbin nasa ba. Na buga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ƙusa ta ɓullo, na duba.

"Uwata, ta fito daidai?"

Mutanen benci suna kallona, mai doki yana kallona. Na ce, "A'a, Baba. Ta hau sama."

"Na ji ta tun a bugu na uku," ya ce, bai juyo ba. "Zare ta."

Na ɗauki awartaki.